Mai Ciki Ba Ta da Rarar Numfashi

Yanzu in ka ambaci korona a cikin taro sai a yi dariya, wani ya ce ai wannan zance ya wuce, wani ya ce dama can ba a yi ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta janye matakin gaggawa a kan cutar ranar 5 ga Mayu 2023, takunkumin fuska kuma ya koma hannun masu babur suna kare ƙura da shi. To, madalla. Amma ni da na tsufa a ɗakin haihuwa, na karɓi haihuwar yara, na dawo na karɓi ta 'ya'yansu, akwai abin da na gani a 2020 da 2021 wanda bai kamata in tafi da shi kabari ba. Da ku nake, 'ya'yana mata masu juna biyu, sai dai a miƙa wa maigida ya duba, a karanta wa uwar miji ita ma, domin sau da yawa ba mai cikin ce ke yanke hukuncin zuwa asibiti ba.

Abin da nake so ku fara riƙewa shi ne mai ciki ba ta da rarar numfashi. In ciki ya tsufa, mahaifa tana turo kayan ciki sama su matse ƙirji, huhu ya rasa wurin buɗewa sosai, kamar ɗakin amarya da aka cika da jere har ba wurin juyawa. A daidai wannan lokaci ne kuma jiki ya fi buƙatar iska, tun da mutum biyu ke shaƙa da hanci ɗaya. Buƙatar oksijin tana ƙaruwa da wajen kashi 20 cikin 100. Zuciya tana aikin da ya fi na kullum. Jini yana saurin yin guda, shiri ne da Allah ya yi wa mace don kada ta tsiyaye ranar haihuwa. Garkuwar jiki kuwa ta ɗan sassauta don kada ta yaƙi ɗan da ke kwance a ciki. Ga lafiyayyiya duk wannan rahama ce. Sai ga cuta ta zo wadda huhu take nema, take kuma sa jini ya daskare a jijiyoyi. Abin da ƙanwarta budurwa za ta yi 'yan kwanaki tana tari ta miƙe, ita sai ya kayar da ita, ballantana in dama tana fama da ƙarancin jini, ko sikila, ko hawan jini, ko ciwon suga, ko ƙiba mai yawa.

A watan azumin 2020, ana tsakiyar dokar kulle, aka kawo mana wata yarinya, cikin fari, wata bakwai. Da zazzaɓi ta fara da ciwon gaɓoɓi, aka ce maleriya ce, aka karɓo allura a kemis. Da tari ya biyo baya aka yi mata sirace da ganyen darbejiya, aka jiƙa tazargade, aka haɗa citta da lemon tsami. Da ta fara haki, uwar mijinta ta ce nauyin ciki ne, kowa ya yi. Ita kuma kunyar ɗan fari ta rufe mata baki. Ranar da suka iso tana zaune a cikin adaidaita sahu, ta dafe gwiwoyinta da hannu biyu, kafaɗunta na ɗagawa suna sauka. Na ce, "'Yata, yaya sunanki?" Sai da ta tsaya ta ja iska tsakanin sunanta da na mahaifinta. Na goge mata janfarce, na maƙala mata 'yar na'urar nan ta yatsa mai auna iskar da ke cikin jini. Mai ciki ba ma son lambar ta sauko ƙasa da 94. Tata 80 ce da 'yan kai. Da na sunkuya zan saurari ciki sai ta riƙo hannuna ta ce, "Inna, tun jiya bai motsa ba."

Tukunyar oksijin da muke da ita tana kan wani bawan Allah, sai da aka yi ta buge-bugen waya kafin a samo wata. Yarinyar ta rayu. Ɗan ya zo babu rai, namiji, komai nasa ya kammala har farata. Uwar mijin da ta ce nauyin ciki ne, ita ce ta sayar da akuyarta ta biya kuɗin iskar, ita ce ta kwana a ƙasa bakin ƙofa kan ɗankwalinta. Ba mugunta ta yi ba. Abin da ta sani ta faɗa, kuma gaskiya ne kowace mai tsohon ciki takan yi haki in ta hau tudu ko ta yi shara. Abin da ba a gaya mata ba shi ne hakin da ke zuwa mace tana zaune, ba ta yi aikin komai ba, wannan ba na ciki ba ne.

Kada a ce labarin tsohuwa ne. Masana sun bi abin da alƙalami. Wani bincike mai suna INTERCOVID, wanda Jami'ar Oxford ta jagoranta aka buga a watan Afrilu 2021, ya bi mata masu ciki 2,130 a ƙasashe 18, har da Najeriya da Gana da Masar, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin waɗanda suka yi aikin. A cikin mata 706 da suka kamu, 11 sun rasu. A cikin 1,424 da ba su kamu ba, mace 1 ce ta rasu. Hawan jinin ciki da jijjiga sun ƙaru da wajen kashi 76 cikin 100, haihuwar bakwaini ta ƙaru da fiye da rabi. Wanda ya fi zama namu kuwa shi ne na ƙungiyar AFREhealth da ya fito a 2022, ya duba mata 1,315 da aka kwantar a asibitocin ƙasashe 6: Najeriya, Gana, Kenya, Yuganda, Kwango ta Kinshasa da Afirka ta Kudu. In aka ajiye mace biyu duk masu korona, ɗaya da ciki ɗaya babu, mai cikin ta ninka 'yar'uwarta haɗarin mutuwa kusan sau biyu. In aka ajiye masu ciki biyu, ɗaya da korona ɗaya babu, mai koronar ta ninka kusan sau biyar. Waɗanda ke ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, da waɗanda suka taɓa yin tarin fuka, su suka fi shiga sashen kulawa ta musamman.

A yi adalci dai, waɗannan na ƙarshe matan da abin ya kai su gadon asibiti ne. Mafi yawan masu cikin da suka kamu sun warke sun haihu lafiya, wasu ma ba su san sun kamu ba. Waɗanda zazzaɓi da sarƙewar numfashi suka haɗu musu, a kansu ne abin ya fi faɗawa.

An sha cewa Afirka ta tsira, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don rabin mutanenmu ba su kai shekara 20 ba, cutar kuwa tsofaffi ta fi ɗauka. Mu nan har cewa aka yi cutar masu hawa jirgi ce. Sai dai mutanen Kano ba su manta watan Afrilu 2020 ba, lokacin da masu haƙar kabari suka fara ƙorafin aiki ya yi musu yawa. Ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya faɗa a watan Yuni cewa rabi zuwa kashi 60 cikin 100 na mace-macen nan mai yiwuwa korona ce. Manyan mutane aka ƙirga, farfesoshi da attajirai da masu sarauta. Matar da ta rasu da ciki a lungu, wa ya gwada ta? Sai a ce ta rasu wajen haihuwa, a yi addu'a, a watse. Kuma irin wannan mutuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu da har za a tsaya tambaya: ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna mata 287,000 suka rasu a duniya sanadin ciki da haihuwa, 82,000 daga cikinsu a Najeriya kaɗai.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba waɗanda cutar ta kama ba ne, waɗanda tsoronta ya kama ne. A Yuganda, da aka hana motoci zirga-zirga a ƙarshen watan Maris 2020, an samu rahotannin matan da suka rasu suna naƙuda a hanya ko suna jiran takardar izinin fita. A Kenya an sa dokar hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 5 na asuba, naƙuda kuwa ba ta duba agogo. Direbobi suka ƙi fita da dare don tsoron 'yan sanda, har sai da wata likita, Jemimah Kariuki, ta kafa shirin ɗaukar masu naƙuda kyauta, aikin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta karrama ta a kansa a 2021. A Afirka ta Kudu, inda ake ƙirga mutuwar masu haihuwa da kyau, adadin ya hau a 2020, ya ƙara hawa a 2021.

Mu namu salon daban ne. Ranar awo da a da benci ba ya ɗaukar mata, sai ka ga tsiraru. Jita-jita ta bazu cewa duk wadda ta je da tari za a killace ta, in ta mutu ba za a ba da gawarta ba. Wasu ma'aikatan ma, da ba a ba su kayan kariya ba, suna jin mace ta yi tari sai su ce a kai ta gaba, gaban kuma a ce a kai ta gaba. To, awo ba ziyarar zumunci ba ce. A can ake gane hawan jini tun bai zama jijjiga ba, a duba fitsari, a auna yawan jini, a ba da Fansida da maganin ƙarin jini da allurar tetanus, a duba kwanciyar ɗa. Matan da suka daina zuwa mun gan su daga baya, an ɗauko su a sume, harshe a cije, ƙafafu sun kumbura sun yi sulɓi. Yawancinsu ba su taɓa kamuwa da korona ba. Ko wace irin annoba aka shiga nan gaba, ki sa takunkuminki, ki zauna nesa da mai tari, amma kada ki fasa awo, kada kuma ki ce gara ki haihu a ɗaki don asibiti akwai cuta.

Sai jariri. Tambayar da kowace uwa take yi ita ce, "Inna, zai kamu a ciki?" Hakan na faruwa, amma ba kasafai ba. Ba ta nan cutar ta fi taɓa shi ba. In iska ta yi wa uwa ƙaranci, ta yi wa ɗa ƙaranci. In zazzaɓi ya yi zafi yana iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Wani lokaci cutar takan lalata mabiyiya, wadda ta nan ɗa ke ci yake shaƙa, an kuma fi ganin haka a zamanin nau'in Delta a 2021. Sau da yawa kuma likitoci ne da kansu ke ciro ɗan da wuri don uwa ta samu wurin numfashi. Saboda haka abin da korona ta fi bar mana shi ne bakwaini, bakwaini kuwa a garin da wutar lantarki ke wasan ɓuya, kwalbar asibiti ba ta isa kowa ba.

A nan ne aka tafka ɓarnar da ba cutar ce ta yi ta ba. A asibitoci da yawa, a ƙasashe da yawa, ana haihuwa sai a ɗauke jariri a kai shi wani ɗaki, a bar uwa nono ya cika ya yi tauri tana kuka, shi kuma ana ɗura masa madarar gwangwani. Wai ana kare shi. A watan Maris 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da lissafi: in aka bar bakwaini da ƙananan jarirai a jikin iyayensu mata, za a iya ceton rayuka har 125,000, alhali waɗanda korona za ta iya kashewa ta wannan hanya ba su kai 2,000 ba. Ba a samu cewa nono na ɗaukar cutar ya kai wa ɗa ba. Abin da aka samu a cikinsa garkuwa ce da jikin uwa ya haɗa. Shi ya sa umarnin ya fito ƙarara: uwa ta wanke hannu, ta sa takunkumi, ta ba ɗanta nono, su kwana ɗaki ɗaya.

Ku koyi goyon ƙirji, ko da korona ko babu. A tuɓe jariri, a bar masa kunzugu da hula da safa, a kwantar da shi a miƙe tsakanin nonuwan uwa, fata ta taɓa fata, kansa a juye gefe don hanci ya samu hanya, a ɗaure da zani, ta mayar da riga a kai. Ɗumin jikinta ya ishe shi, bugun zuciyarta na daidaita masa numfashi, nono kuma ga shi kusa. In ta gaji, uba ya karɓa, ko kaka. Ba abin kunya ba ne namiji ya goya ɗansa a ƙirji. Likitocin Bogota ta ƙasar Kolombiya ne suka fara shi a 1978 saboda ƙarancin kwalba, irin matsalarmu sak. Wani gwaji da aka buga a 2021, wanda asibitocin Kumasi da Ile-Ife suka shiga, ya nuna in aka fara shi nan take bayan haihuwa, mutuwar jariran da ba su kai kilo 1.8 ba tana raguwa da kashi 25 cikin 100. Kuma don Allah a daina matse dakashi ana zubarwa wai ƙazanta ne. Wannan nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa, shi ne rigakafin farko na ɗa.

Kan allurar rigakafi kuwa, ba zan ce wa mutanena jahilai ba don sun yi ɗari-ɗari. Wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996, da aka sa yara 200 a gwajin maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau, yana da dalilin tambaya. Kuma da farko kamfanonin ba su sa masu ciki a gwajin allurar ba, don haka lokacin da kashin farko ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris 2021, mu kanmu ma'aikata ba mu da amsa mai ƙarfi da za mu ba mai ciki. Amma daga baya an yi wa mata masu ciki masu ɗimbin yawa a duniya, aka bi su har suka haihu. Ba a ga ɓari ya ƙaru ba, ba a ga ta hana haihuwa ba, an ga ta rage kwanciya asibiti da mutuwa. Garkuwar kuma tana ratsa mabiyiya ta kai ga ɗa, yadda ta tetanus take yi, wadda kuka saba karɓa a wurin awo ba gardama. Tun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masu ciki a sahun waɗanda aka fi ba fifiko. Ki tambaya a wurin awo. In akwai, ni shawarata ki karɓa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne haɗe-haɗen kemis. Farasitamol ba laifi don sauke zazzaɓi kafin a isa asibiti. Ibufurofen da danginsa ba na mai tsohon ciki ba ne. Deksametason, wadda 'yan mata ke sha don ƙiba, gaskiya ne tana ceton mai korona da ke kan oksijin, amma aikin likita ne. A sha ta a gida tun cuta ba ta yi nisa ba, illa take yi. Jiƙe-jiƙe ma a yi hattara, ba duk abin da ƙasa ta fitar ne ɗan ciki ke iya ɗauka ba. Zazzaɓi kuma a gwada jini kafin a ce maleriya ce, don ba korona kaɗai ke shigowa da wannan riga ba. Zazzaɓin Lassa, da ke zagayo mana duk rani, in ya kama mace a watanni ukun ƙarshe, fiye da kashi 80 cikin 100 ana rasa ɗan, ko uwar, ko duka biyun. Mai ciki da zazzaɓi ya kama a watan azumi ta sha ruwa; addini ya yi mata rangwame, kowane malami zai gaya mata haka.

Bayan an sauka lafiya sai 'yan barka. Ɗaki a rufe, ga garwashi, ga turaren wuta, mata goma sha a zaune, jariri na yawo daga hannu zuwa hannu, kowa na sumbatarsa. Ina son zumunci, ni ma da shi na girma, amma mai mura ko tari ta yi barkarta daga bakin ƙofa, a buɗe taga, a ajiye buta da sabulu. Wadda ta ji haushi za ta huce kafin suna. In jariri ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja iska, ba a kwana da shi a gida. Mai jego ma a sa mata ido har arba'in. In tana haki, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, kada a ce gajiyar wanka ce. Yana iya zama zuciya, ko gudan jini a huhu, ko ƙarancin jini, ko korona, kuma babu ɗaya a cikinsu da ruwan zafi ke warkarwa.

Ku kuma maza, 'ya'yana, naku ya fi sauƙi, ya kuma fi nauyi. Kalmar da na fi tsana a duk aikina ita ce "bari Malam ya dawo". Tun ciki yana ƙarami ka tara matarka da mahaifiyarka ka faɗa da bakinka: in abu ya taso, ko ina nan ko ba na nan, a tafi, na ba da izini. Ka ajiye wani abu a hannunta wanda ba na cefane ba. Ka karɓi lambar mai adaidaita ko direban da zai ɗaga waya ƙarfe 2 na dare; a garuruwa da dama ƙungiyar direbobi ta NURTW tana da masu aikin sa kai na kai masu naƙuda, ka bincika a tasharku. Ka san mutum biyu a dangi da jininsu ya dace da nata. Ka koyi ƙirga numfashi: ka dubi ƙirjinta minti ɗaya tana zaune a huce, lafiyayyen mutum ba ya wuce 20, in ya doshi 30 ba a jiran gari ya waye. Haka in ba ta iya ƙarasa magana sai ta tsaya, ko ƙirji na ciwo, ko leɓe ya canza launi, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jini ya ɓalle, ko motsin ɗa ya ragu.

Ranar da ka raka ta awo kuma, kada ka tsaya a gindin bishiya kana danna waya. Ka shiga ka tambayi ungozoma ko suna da oksijin a nan, in babu wane asibiti ne mafi kusa da ke da shi, yake kuma yin tiyata da ƙarin jini cikin dare. In ta gaya maka, ka hau babur ka je da rana ka ga hanyar, ka gane ƙofar da ake shiga da mai naƙuda.